Jahannama da Madawwamiyar Azaba: Me Kiristanci Ya Aro Daga Masu Bautar Gumaka, Me Kuma Bai Aro Ba?

A watan Janairun 2024, cikin wata hira da gidan talabijin na Italiya, Fafaroma Francis ya ce shi dai yana son ya ɗauka cewa gidan wuta fanko ne, babu kowa a ciki. Kafin ya faɗi haka sai da ya ja kunne cewa wannan fatansa ne, ba aƙidar Ikilisiya ba. Duk da haka maganar ta tayar da ƙura. Kuma duk lokacin da irin wannan ƙura ta tashi, akwai wata tsohuwar da'awa da takan biyo baya: wai koyarwar wuta da azaba marar ƙarewa ba ta da tushe a Littafi Mai Tsarki, daga Masar da Farisa da Girka aka kwaso ta, aka lulluɓe ta da rigar Kiristanci.

Da'awar ba ta yau ba ce. Tun a 1855 wani mai wa'azi Ba'amurke, Thomas Thayer, ya wallafa littafi sukutum a kanta. Masu kare koyarwar gargajiya kuwa sukan amsa cewa babu wanda ya yi maganar wuta a Sabon Alkawari kamar Yesu da kansa. Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Ruɗanin yana zuwa ne don ana cakuɗa tambayoyi uku a tukunya ɗaya: daga ina kalmomin suka fito, daga ina siffofin azabar suka fito, sannan daga ina aka samo cewa azabar ba ta da iyaka. Amsar kowace daban take.

Da "masu bautar gumaka" ana nufin al'ummomin da suka kewaye Yahudawa da Kiristocin farko suna bin wasu addinai: Masarawa, Babilawa, Girkawa da Rumawa. Akan haɗa da Farisawa mabiya Zarathustra, waɗanda littattafan Larabci ke kira Majusawa, ko da yake su ba su ɗauki kansu masu bautar gumaka ba.

Kalmomi huɗu a cikin tulu ɗaya

Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta mafi yawansa, kalmarsa ta wurin matattu kuwa ita ce *Sheol*, wadda ta zo sau 65 ko 66 gwargwadon yadda aka ƙirga. Sheol wuri ne na duhu da shiru, kuma kowa can ya nufa. Da aka kawo wa Yakubu rigar Yusufu jina-jina, cewa ya yi zai gangara Sheol wurin ɗansa yana makoki (Farawa 37:35). Ba wanda zai ce Yakubu yana nufin shi da ɗansa 'yan wuta ne. Mai Hadishi 9:10 ya ce a can babu aiki, babu dabara, babu ilimi. Wannan ya fi kama da abin da mutanen Babila suka yi imani da shi, ƙasar da ba a dawowa, inda matattu ke cin ƙura ba tare da an ware na kirki da mugu ba.

Daga ƙarni na 3 kafin Almasihu, Yahudawan Iskandariya suka soma fassara littattafansu zuwa Girkanci. Da suka zo kan Sheol sai suka ɗauki kalmar da ke hannu, *Hades*. A nan ne aro na farko ya auku a fili, domin Hades sunan allahn matattu ne na Girkawa, kuma sunan masarautarsa. Marubutan Sabon Alkawari sun gaji kalmar, sun yi amfani da ita kusan sau goma. Sai dai a hannunsu Hades wurin jira ne: Wahayin Yahaya 20:14 ya ce a ƙarshe mutuwa da Hades su ma za a jefa su cikin tafkin wuta.

Kalma ta uku ita ce ta bakin Yesu, *Gehenna*. Ta zo sau 12 a Sabon Alkawari, 11 daga bakinsa, ɗaya a wasiƙar Yakubu. Asalinta sunan wuri ne, Kwarin Hinnom, wanda ya kewaye tsohuwar Urushalima ta kudu da yamma. Har yau yana nan, da ciyawa da itatuwan zaitun, mutane na ratsa shi da ƙafa. A wannan kwari ne, a zamanin sarakuna Ahaz da Manassa, aka riƙa ƙona 'ya'ya hadaya, al'adar da aka danganta da gunkin Molek. Sarki Yosiya ya ƙazantar da wurin don kada a sake (2 Sarakuna 23:10), Annabi Irmiya kuma ya ce za a sauya masa suna zuwa Kwarin Kisa, gawawwaki za su cika shi (Irmiya 7:31-32). Wato dangantakar Gehenna da bautar gumaka gaskiya ce, amma ta hanyar la'anta ce ta shigo, domin Irmiya ya ce irin wannan ƙona mutane Allah bai umarta ba, bai ma taɓa zuwa zuciyarsa ba. Labarin da ake yawan ji a wa'azi cewa kwarin bola ce da wuta ke ci dare da rana a zamanin Yesu, mafi tsufan inda aka same shi shi ne sharhin wani malamin Yahudawa, David Kimhi, wajen shekara ta 1200, sama da shekara dubu bayan Yesu.

Wannan kalma ta zo har gidanmu. Masana harshe suna danganta *Jahannam* ta Larabci da *Gehinnom* ta Ibrananci, daga Larabci kuma Hausa ta samu Jahannama. Kishiyarta ma baƙuwa ce: Firdausi da *paradeisos* ta Girkanci duk sun samo asali daga tsohuwar kalmar Farisa mai nufin lambu mai katanga.

Ta huɗu sau ɗaya tak ta zo, a 2 Bitrus 2:4, inda aka ce Allah ya jefa mala'ikun da suka yi zunubi cikin *Tartarus*. Wannan kam babu musu kalmar tatsuniyoyin Girka ce. Mawaƙinsu Hesiod ya ce in aka saki maƙerar tagulla daga ƙasa, sai ta yi kwana tara tana faɗuwa kafin ta isa Tartarus, kurkukun da Zeus ya kulle tsofaffin alloli da ya ci da yaƙi.

Fassarar Latin ta kira Sheol da Hades *infernus*. Fassarar Turanci ta Sarki James, ta 1611, ta je gaba da haka: ta zuba dukkan kalmomin huɗu cikin kalma guda, *hell*, ko da yake Sheol kusan rabin lokaci ta fassara ta da kabari. Ita *hell* ɗin ma dangin Hel ce, sunan allahiyar matattu a tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai. Mai karatu da ya taso da wannan fassara sai ya ga kamar wuri ɗaya ake nufi daga Farawa har Wahayi, alhali marubutan asali sun bambance.

Abin da maƙwabta suka ce

Masarawa sun riga kowa tsara shari'ar lahira dalla-dalla. A zanen da ke cikin Littafin Matattu, ana ɗora zuciyar mamaci a ma'auni, a ɗaya gefen a sa gashin tsuntsu na Ma'at, alamar gaskiya. In zuciya ta yi nauyi, ga wata dabba na jira a gefe, Ammit, mai kan kada da ƙirjin zaki da ƙugun dorina, ta haɗiye ta. Akwai kuma zanen tafkin wuta da gwaggon birai huɗu ke gadi a kusurwoyinsa. Kamannin da tafkin wuta na Wahayi a bayyane yake. Amma abin da Bamasare ya fi tsoro shi ne a shafe shi gaba ɗaya, ya mutu karo na biyu, ya zama babu.

Farisa ce masana suka fi tsayawa a kanta, saboda tarihi ya haɗa su da Yahudawa. An rushe Urushalima wajen 586 kafin Almasihu, aka kwashe manyanta zuwa Babila. A 539 Sairus, sarkin Farisa, ya ci Babila, Yahudawa suka zauna ƙarƙashin Farisa kusan shekara 200. Addinin Zarathustra yana da shari'ar kowane rai bayan mutuwa a gadar Cinwat, yana da Gidan Ƙarya inda mugaye ke faɗawa, da tashin matattu, da ranar sabunta duniya. Kusan duk waɗannan ba su fito fili a tsofaffin littattafan Isra'ila ba, sai bayan zaman Farisa. Masaniya Mary Boyce ta Jami'ar Landan tana cikin waɗanda suka ga tasiri kai tsaye a nan.

Masu ja da wannan suna da hujja biyu. Ta farko, littattafan Farisa da suka yi cikakken bayanin wuta, irin su Bundahishn da labarin tafiyar Arda Wiraz, an rubuta su a siffar da muke da ita wajen ƙarni na 9 ko na 10 bayan Almasihu. Tunanin ya girmi rubutun, amma da wuya a tantance wanne yanki ne ya riga wanne. Ta biyu ta fi nauyi ga batunmu: wutar Farisa tana da ƙarshe. A ranar sabuntawa, kowa zai ratsa kogin narkakken ƙarfe. Ga mai kirki zai ji shi kamar madara mai ɗumi, ga mugu zai ji ƙuna, amma bayan haka an tsarkake shi, wutar kanta kuma za a rufe ta. Wanda ke neman tushen dawwama a Farisa ba zai same shi ba.

A Girka, mawaƙinsu Homer ya nuna 'yan tsiraru da ke shan azaba saboda sun yi wa alloli laifi: Tantalus tsaye cikin ruwa yana ƙishirwa, in ya sunkuya ruwan ya janye, Sisifus yana tura dutse kan tudu, da ya kusa kaiwa ya gangaro. Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, shi ya mai da wannan tsarin adalci ga kowa. A wurinsa yawancin masu laifi sukan biya bashinsu ninki goma cikin tafiyar shekara dubu, sannan a sake haihuwarsu. Waɗanda cutarsu ta wuce magani, irin azzaluman sarakuna, su ne ake jefawa Tartarus ba fita. A nan ne aka fi kusantar dawwama. Marubucin tarihi Polybius, a ƙarni na 2 kafin Almasihu, ya faɗi ƙarara cewa magabata sun yi dabara da suka cusa wa talakawa tsoron Hades, don da shi ake riƙe su. Masu cewa wuta ƙirƙira ce ta masu mulki sukan jawo wannan magana, ko da yake shi kan addinin Rum yake magana.

Shekarun da ke tsakanin alkawuran biyu

Tsohon Alkawari kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. Aya ta ƙarshe a Ishaya (66:24) ta yi maganar tsutsar da ba ta mutuwa da wutar da ba ta kasuwa, amma gawawwakin 'yan tawaye ake kallo a wurin. Daniyel 12:2 ne ya fara cewa masu barci cikin ƙura za su farka, waɗansu zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya da madawwamin ƙasƙanci. Malaman gargajiya suna sa littafin a ƙarni na 6 kafin Almasihu, mafi yawan masana tarihi kuwa wajen 165, lokacin da Sarki Antiyokus na Huɗu ke kashe Yahudawan da suka ƙi barin Attaura.

Wannan lokaci yana da muhimmanci, domin ya nuna dalili na cikin gida. In mai biyayya ya mutu a hannun azzalumi, azzalumin kuma ya mutu a gadonsa, dukansu suka tafi Sheol ɗaya, ina adalcin Allah? Tambayar daga cikin imanin Isra'ila ta taso, ko da an sami kayan amsa ta a wurin maƙwabta. Littafin Anuhu na Ɗaya, wanda tsofaffin sassansa suka kai ƙarni na 3 kafin Almasihu kuma Cocin Habasha ke ƙirga shi cikin nassi har yau, ya raba wurin matattu ɗaki-ɗaki, ya kuma nuna la'anannen kwari inda za a tara masu saɓo. Littafin Judit, wani littafin Yahudawa na wannan zamani, ya ɗauki tsutsa da wutar Ishaya ya ce masu shan su za su yi kuka har abada, wato gawar ta zama mai ji.

A zamanin Yesu, Yahudawa ba su da baki ɗaya. Marubucin tarihinsu Yosifus ya ce Farisiyawa sun yarda da kurkuku na har abada ga mugaye, Sadukiyawa sun musanta komai bayan mutuwa, Isiniyawa kuma, wata ƙungiyar Yahudawa masu keɓe kansu, ya kwatanta ra'ayinsu da na Girkawa. Daga baya Mishna, tarin koyarwar malaman Yahudawa, ta kawo maganar Rabbi Akiba cewa hukuncin mugaye a Gehinnom wata 12 ne. Saboda haka da Yesu ya ce Gehenna, masu sauraro sun san kalmar, kuma daga majami'a suka san ta.

Inda aron ya fi fitowa: siffofin azaba

Sabon Alkawari bai yi dogon zane ba. Wuta, duhu, kuka da cizon haƙora, tsutsa, kibiritu: kusan iyakarsa ke nan. Bulus bai taɓa ambaton Gehenna ba, kalmominsa su ne halaka, mutuwa da fushi. Wuri ɗaya da aka shiga ciki aka ji muryar mai shan azaba shi ne misalin mai arziki da Li'azaru (Luka 16), kuma tun 1918 masani Hugo Gressmann ya nuna cewa akwai labarin Masar mai kama da shi, na Setne da ɗansa Si-Osiris, inda aka binne attajiri da gata aka naɗe matalauci a tabarma, a lahira kuma al'amari ya juye. Yahudawa ma suna da nasu irin labarin. Mai yiwuwa Yesu ya ɗauki labarin da jama'a suka sani ya ba shi sabuwar manufa.

Cikakken zanen ya zo ne a ƙarni na 2, cikin littafin da ake kira Wahayin Bitrus, wanda ba ya cikin Littafi Mai Tsarki. An tono wani yankinsa na Girkanci a wani kabari a Akhmim ta Masar a 1886 zuwa 1887, daga baya aka gano cikakkensa da harshen Habasha na da. A ciki an rataye masu saɓo ta harshensu a kan wuta, an rataye matan da suka yi kwalliya don jan maza zuwa zina ta gashin kansu, masu cin riba suna tsaye cikin ruɓaɓɓen ruwa har gwiwa. A 1893 Albrecht Dieterich ya ce daga ƙungiyoyin asiri na Girka aka kwaso wannan. A 1983 Martha Himmelfarb ta nuna cewa tsarin yawon da mala'ika ke yi da baƙo yana bayani, da ƙa'idar gaɓar da ta yi laifi ita ke shan hukunci, sun fi kusa da littattafan Yahudawa irin na Anuhu. Yawancin masana yau suna ganin jini biyu ne ya haɗu.

Sai Dante, mawaƙin Italiya da ya rubuta waƙar yawo a cikin wuta, wanda ya rasu a 1321. Shi bai ɓoye aronsa ba: mawaƙin Rum Virgil ya ɗauka ja-gora, ya sa Karon mai fito, da Minos mai shari'a, da Sarbarus kare mai kai uku, da kogin Sitiks, duk a cikin wutar Kirista. Yawancin abin da mutane ke hangowa in an ce wuta, hawa-hawa da aljanu masu ƙugiya suna azabtarwa, daga wannan layi ya gangaro. A Sabon Alkawari Iblis ba sarkin wuta ba ne, shi ma ɗan kurkuku ne (Wahayi 20:10).

Rai marar mutuwa

Tasirin Girka mafi zurfi ba shi da wuta ko ƙugiya a cikinsa. Aflatun ya koyar cewa rai bisa ɗabi'arsa ba ya mutuwa. In aka karanta Sabon Alkawari da wannan tabarau, kalmar "halaka" ba za ta iya nufin ƙarewa ba, dole ta zama wahala mai ci gaba. Alhali 1 Timoti 6:16 ta ce Allah kaɗai ne marar mutuwa, Matiyu 10:28 kuma ta ce a ji tsoron wanda ke da ikon halaka rai da jiki a Gehenna. Wannan ne masanin tauhidi Oscar Cullmann ya tayar a laccarsa ta Harvard a 1955, cewa begen Kiristocin farko tashin matattu ne, rashin mutuwar rai kuwa na Girkawa ne.

Iyayen Ikilisiya, wato manyan malaman Kirista na farko, sun san kamannin, ba su kuma ɓoye ba. Justin Shahidi, wajen shekara ta 155, ya rubuta wa Sarkin Rum cewa Aflatun ya ce Minos da Radamantus, alƙalan lahira a tatsuniyar Girka, za su hukunta mugaye na shekara dubu, mu kuwa muna cewa Almasihu ne zai hukunta, kuma har abada. Wato a idon Justin dawwama ita ce bambancin Kirista da Aflatun. Tertuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya yarda a fili da maganar Aflatun cewa kowane rai marar mutuwa ne, amma ya ce kogin wutar Girkawa daga annabawa suka sato shi. Masana tarihi ba su karɓi wannan juyi ba.

Abin da ke rikita lissafin masu cewa "Girka ce ta kawo dawwama" shi ne Orijen na Iskandariya, wanda ya rasu wajen 253. Babu malamin Ikilisiya da ya sha falsafar Aflatun kamarsa, amma shi ne ya koyar cewa wuta magani ce, a ƙarshe za a maido da kome ga Allah. Giregori na Nisa ya bi wannan hanya, kuma har yau waliyyi ne a cocin Gabas (Otodoks) da na Yamma (Katolika). Arnobiyus, shi ma ɗan Afirka ta Arewa, wajen 300, ya ce mugaye ƙarewa za su yi.

Wanda ya kafa ra'ayin dawwama da ƙusa a Yamma shi ne Agustin, bishop na Hippo, Annaba ta Aljeriya a yau (354 zuwa 430). A kashi na 21 na littafinsa Birnin Allah, ya tsaya kan tambayar yadda jiki zai ci wuta bai ƙone ba. Ya kawo duwatsun Sisili masu aman wuta ba sa ƙarewa, ya kawo abin da ya gwada da kansa: an kawo masa gasasshen ɗawisu a Kartaj, ya sa aka ajiye yankin ƙirjin, bayan wata guda bai yi wari ba, bayan shekara ya bushe kawai. In Allah ya hana naman tsuntsu ruɓa, in ji shi, zai iya hana jiki ƙarewa. Amma babbar hujjarsa nassi ce, Matiyu 25:46: kalma ɗaya ta siffanta rai da hukunci a aya ɗaya, in ɗaya yana da iyaka to ɗayan ma haka. Ya kuma amsa da kansa cewa Kiristoci masu yawan gaske a zamaninsa ba su yarda da azaba marar ƙarewa ba. A 543 Sarki Justiniyan ya la'anci koyarwar maido da kowa, sunan Orijen ya shiga jerin waɗanda aka la'anta a babban taron bishop-bishop na Kustantiniya na 553, taron Lateran na Huɗu a 1215 ya tabbatar da madawwamin hukunci, na Biyar a 1513 ya tabbatar da rashin mutuwar rai.

Matsayi uku a yau

Masu riƙe da dawwamar azaba su ne mafi rinjaye: Katolika, Otodoks da yawancin Furotesta. Suna kafa hujja da Matiyu 25:46, Markus 9:43-48 da Wahayi 14:11, inda hayaƙin azaba ke tashi har abada abadin. Amsarsu ga batun aro ita ce kamanni ba ya nuna ƙarya. Marubuci zai iya ɗaukar kalmar maƙwabci ya zuba mata sabuwar ma'ana, kamar yadda aka yi da *theos*, kalmar Girkawa ta allah. Da yawansu sun bar zanen Dante. Katekizim na Katolika na 1992 ya ce babbar azabar ita ce rabuwa da Allah har abada, Fafaroma John Paul na Biyu kuma a 1999 ya ce wuta ta fi zama hali fiye da wuri.

Masu cewa mugaye za su ƙare bayan hukunci sun haɗa da 'yan Adventist da Shaidun Jehobah, amma ba su kaɗai ba. Edward Fudge ya kare ra'ayin a littafinsa na 1982, John Stott, babban malamin bishara na Ingila, ya nuna karkata gare shi a 1988, rahoton Cocin Ingila na 1995 ma ya kusanci haka. Ayoyinsu su ne Romawa 6:23 da Yahaya 3:16, inda kishiyar rai ita ce mutuwa da halaka. A wurinsu hukuncin madawwami ne ta fuskar sakamako. Su ne suka fi dogara da hujjar tasirin Aflatun, kuma Wahayi 20:10 ce ayar da ta fi ba su wuya.

Masu begen ceton kowa a ƙarshe, irin su David Bentley Hart a littafinsa na 2019, suna nuna 1 Korintiyawa 15:22-28 da Kolosiyawa 1:20. Suna cewa kalmar Girkanci *aionios* daga *aion* take, wato zamani, tana iya nufin "na zamani mai zuwa". Masu suka suna amsa cewa wannan kalma ce aka yi amfani da ita ga Allah kansa. Mai karatu Musulmi zai tuna cewa malamansa ma sun taɓa irin wannan muhawara, kan maganar ƙarewar wuta da aka jingina wa Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim, wadda Subki ya yi wa raddi kuma jumhur ba su karɓa ba.

In aka auna shaidun tarihi kawai, aron kalmomi tabbatacce ne, aron siffofi ma haka, musamman bayan rufe Sabon Alkawari. Batun dawwama ne hujjar ta fi rauni, tunda wutar Farisa tana ƙarewa, ta Masar tana shafewa, ta Aflatun kuma ga 'yan kaɗan take dawwama, alhali littattafan Yahudawa sun riga sun yi maganarta kafin Yesu.

Abin da ya shafi mai bi na gari

A majami'un Nijeriya, daga Katolika da Angilikan zuwa Baptis, ECWA da na Fentikos, koyarwar dawwama ce ake ji daga bagade, kuma sauya ta ba ƙaramin abu ba ne ga fasto. Fasto Carlton Pearson na Tulsa a Amurka ya rasa yawancin dubban mabiyansa bayan ya bar ta, wata majalisar bishop-bishop ta Fentikos ta ayyana koyarwarsa bidi'a a 2004. Amma tambayar ba a aji take tsayawa ba. Tana zuwa ne a zaman makoki, lokacin da wanda ya karɓi bishara ya tambayi ina kakarsa take, wadda ta rasu tana bin addinin gargajiya, ko uwar da jaririnta ya mutu ba a yi masa baftisma ba. Amsar da fasto zai bayar ta rataya ga wanne cikin matsayi ukun ya riƙe, da kuma yadda ya fahimci jinƙan Allah ga wanda bai ji ba.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara kammala fassararsa a 1932, zai ci karo da lahira, kabari, Hades, gidan wuta ko jahannama gwargwadon bugun da ke hannunsa. Sanin wace kalmar asali ce ke ƙarƙashin kowace yana sauya ma'anar aya. Mai zabura da ke roƙo a cece shi daga Sheol, mutuwa yake gudu.

Akwai kuma shaidun da ke yawo a faifai da wayoyi, na masu cewa sun mutu an zagaya da su wuta sun dawo. Sau da yawa a ciki akwai mala'ika mai ja-gora, akwai azaba daidai da laifi, akwai matan da aka gani can saboda ƙarin gashi, ɗan kunne ko wando, kuma ba kaɗan ba ne suka zubar da kayan adonsu saboda jin haka. Tsarin waɗannan labarai, har da matan da gashinsu ya kai su, shi ne na Wahayin Bitrus. Ikilisiyar farko ta yi ta kai-kawo a kan wannan littafi: tsohon jerin littattafai da ake kira na Muratori ya ambace shi, amma ya ce waɗansu ba su yarda a karanta shi a coci ba, marubucin tarihi Sozomen kuma ya ce a ƙarni na 5 ana karanta shi ranar Jumma'a Mai Kyau a wasu majami'un Falasɗinu. Daga ƙarshe aka bar shi a waje. Ɗan'uwansa, Wahayin Bulus, wanda ya fi shi yaɗuwa a Turai, Agustin da kansa, mai kare dawwamar azaba, ya ce cike yake da tatsuniyoyi.